Shekarar da Na Ba da Zauren Gidanmu Haya

Shekarun baya, can baya sosai, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan har ɗan dako ya fara rataya rediyo mai kaset, ni ma na taɓa zama mai gidan haya a Faskari. Ku ji fa, mai gidan haya! 'Yan ɗakuna ne na ƙasa da aka shafa wa siminti, amma a lokacin ji nake kamar ni na gina Kaduna.

A Kadunan nake aiki da farko, a masaƙa. Aurena na fari can ya mutu, ba faɗa ba zagi, zama ne kawai ya ƙare, ba kuma rabon haihuwa. Ana nan sai aka aiko mini mahaifiyata ba lafiya. Na ajiye aiki na taho gida jinya da ɗan abin da na tara. Ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta. Mahaifina dama ya riga ta da shekaru, yayyena mata biyu kuma kowacce tana ɗakinta, ɗaya a Sheme ɗaya a Daudawa. Sai ya zama ni kaɗai a ƙaton gida, daga ni sai ƙadangaru da wata tsohuwar akuya da ta ƙi sayuwa.

Abin da ya riƙe ni a lokacin zaure ne. Zauren gidanmu babba ne, na soro, kuma tun ina yaro nan magidantan layinmu suke ciyayya. Don waɗanda suka tashi a birni, ciyayya ita ce kowa ya fito da akushin tuwon gidansa bayan Magariba, a haɗu wuri ɗaya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Da mahaifina ya rasu ba su tashi ba. Da mahaifiyata ta rasu, tukunyar gidanmu ta daina hawa murhu, nan ma ba su tashi ba. Ni dai nawa in share zaure, in shimfiɗa tabarmi, in cika buta, in kunna fitila. Zaure nawa, tuwo nasu, ba wanda ya taɓa duban hannuna. Babba a cikinsu aminin mahaifina ne, Baba muke ce masa, wani dogon dattijo mai tsadar magana, kullum da buzunsa a hammata.

To amma ciyayya ɗan lokaci ce. Da an yi Isha'i kowa sai ya kwashi akushinsa, ni kuma in koma cikin kango. Rannan sai ga abokina na masaƙa ya zo mini gaisuwa a kan sabon babur. Ya zagaya gidan yana girgiza kai.

"Kai wai lafiyarka ƙalau?" in ji shi. "Gwamnati ta buɗe firamare a kowane ƙauye, an turo malamai daga ko'ina suna kwana cikin aji, kai kuma kana zaune a kan arziki kana kiwon ƙadangaru. Gyara ɗakunan nan ka zuba 'yan haya!"

Na ce masa a garinmu ba a saba ba, baƙo saukar da shi ake yi. Ya ce wannan da ne, baƙon yanzu albashi gare shi, ya fi son ya biya ya kulle ɗakinsa da ya zauna alfarma. Maganar ta shige ni. Ba zan ce kuɗin ba su ja ni ba, sun ja ni mana. Amma tsakanina da Allah, abin da na fi hangowa shi ne in farka da asuba in ji wani yana jan guga a tsakar gidanmu. Na gaji da jin tarina ni kaɗai.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Siminti ya yi wuyar gani a shekarun, sai ka je Funtuwa ka yi ta bin mai shago kamar kana neman auren 'yarsa. Da ƙyar na samu, motar da ta ɗauko ta kafe a laka bayan an wuce Sheme, ruwa ya sauko, buhunan sama duk suka koma duwatsu. Birkilan da na ɗauka ya yi rabin aiki, ya ji ana kwangila a Kaduna, ya tsere ya bar mini cokalin gininsa kamar abin tunawa. Da aka taɓa rufin ɗakunan ciki sai muka ishe gara ta gama da azara, dole aka sauke duka aka buga kwano. Aka haƙa sabon masai, aka yashe rijiya, aka sayo farar ƙasa daga Ƙanƙara aka shafe gida fes. Kafin a kai nan aljihuna ya yi ƙarƙaf, har akuyar nan da ta ƙi sayuwa sai da ta sayu.

A nan ne wata dabara ta faɗo mini. Ba zan ɗora wa kowa ba, ni na haifi abata. Na tsaya a waje ina kallon gidan, sai na ga ai duk ɗakunan ba wanda ya kai zaure. Ga faɗi, ga sanyi, ga shi a bakin hanya. In aka toshe ƙofarsa ta ciki da bulo, aka sa masa ƙyauren ƙarfe da taga, shi kaɗai zai kawo abin da ɗaki biyu za su kawo. Shiga gida kuwa sai a fasa 'yar ƙofa a gefen katanga, kamar yadda na gani a gidajen hayar Kaduna. Har tafa wa kaina na yi.

Da yamma bayan an wanke hannu na gaya wa Baba. Ya saurare ni har na gama, yana sakace.

"To," ya ce. "Gidanka ne. Allah shi sa alheri."

Na ce ai ba matsala, zan riƙa shimfiɗa musu tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gida.

"A'a. Magidanci ba ya cin tuwo a kan hanya." Ya naɗe buzunsa. "Nawa zauren bai kai wanga ba, amma ya ɗauke mu. Ka riƙa tahowa."

Na ce to. Shi ke nan fa maganar da aka yi. Da ya yi mini faɗa ma da ƙila na farga, amma mutanenmu ba su yi wa magidanci faɗa a kan gidansa. Washegari ciyayya ta koma zauren Baba, can ƙarshen layi.

'Yan haya suka shigo, malamai ne duka, yawancinsu samari, daga garuruwa daban-daban. Lalle na ji ƙarar guga da asuba, har ta ishe ni, don kullum sai an yi cacar baki a kan wanda ya jefa ta rijiya. Wannan ya ce kwano na yoyo daidai kan katifarsa. Wancan ya ce ba zai share tsakar gida ba, shi da takardar shaidar koyarwa. Wani ya bubbuga ƙusoshi a bango zai rataya hotuna, simintin ya ɓanɓaro faifai guda, ƙasar ciki ta leƙo. Farar ƙasar Ƙanƙara kuwa hayaƙin risho ya maida ita kalar bayan tukunya. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban yi lissafi da shi ba, kowannensu da rishonsa da kwaɗonsa. Da an taso makaranta kowa ya shige ɗaki, ya dafa 'yar shinkafarsa, ya ja sakata. In mun haɗu a bakin rijiya su ce, "Sannu maigida," in ce, "Yauwa malam." Gida ya cika da mutane, ba ni da wanda zan ce wa yau na tashi da ciwon kai.

Za ku ce to mi ya hana ka tafi zauren Baba, ba ya ce ka riƙa zuwa ba? Ai nan take. Da mi zan je? Lokacin da ake yi a zaurenmu, wurin shi ne akushina. Yanzu ba wuri, ba mata, ba tukunya. In tafi ƙofar wani ina kaɗa hannu, ƙato da ni, kuma mai gidan haya, in zauna a buɗe mini tuwon matan mutane? Yau in je, gobe in je, jibi a fara cewa ga gwauron nan ya taho. Wallahi na gwammace yunwa. Sai na koma sayen tuwo wurin wata mata a bakin kasuwa, mai miyar kuka da ta sha daddawa har ta yi mata yawa. In ƙunso shi in biyo ta bayan layi, in shige ta 'yar ƙofata ta gefe, in ci a ɗaki. In iska ta juyo ina jin dariyarsu daga ƙarshen layi, har nakan gane muryar wanda ya ba da labarin.

Wanda ya kama zauren wani malami ne mutumin Gana, ya ɗan manyanta, ya baro iyalinsa can ya zo neman abinci. Ticha kowa ke ce masa. Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, ni kuma Turancina na masaƙa ne. Da yamma yakan fito da kujera ƙofar zaure ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Wata rana na zo wucewa ya nuna mini wani benci, na zauna. Daga nan ta zama mana al'ada. Ba wata hira, shi ya yi tsaki in labarai ba daɗi, ni ma in taya shi tsakin ko ban ji abin da aka ce ba. Wani lokaci ya fiddo hoton 'ya'yansa ya nuna mini, in ce Allah ya raya, ya ce amin. Idan ya sauke shinkafarsa mai jan barkono sai ya ce, "Maigida, zo ci." Ni kuma in dafa ciki in ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Wai kada a ce mai gida ya koma cin abincin ɗan haya. Sai ya shiga ya ci nasa shi kaɗai, ni ma in zagaya in ci nawa, bulon da na gina da kuɗina yana tsakaninmu.

Azumin shekarar bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Ba abin da ya kai shan ruwa kai kaɗai ciwo. Ka wuni da ƙishi, a kira salla, ka ɗaga moɗa, ba wanda zai ce maka barka da shan ruwa. A masallaci muna haɗuwa da Baba, mu gaisa, ya tambayi 'yan haya, in ce lafiya lau. Bai sake cewa in zo ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Bayan Salla da kwana biyu yayata ta Sheme ta zo da mijinta. Rabonsu da gidan tun kafin gyara. Ita ta ga 'yar ƙofar gefe ta shigo. Shi kuwa bawan Allah, dattijo da babbar riga, ya nufi inda ya sani, ya tsaya gaban ƙyauren ƙarfe yana ta kwaɗa sallama cikin rana. Can sai ga Ticha ya buɗe, daga shi sai gajeren wando da tawul a wuya. Na rasa inda zan sa surukina. Cikin gida samari ne ko'ina da shanyar singileti, ɗakina kuwa ba ya shiguwa. A kan bencin nan ya zauna a bakin hanya, a nan aka kai masa ruwa, masu wucewa suna kallo.

Yayata ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ashe abin da ake faɗi gaskiya ne. Ka toshe wa gidan ubanmu baki." Ta dubi ƙullin ganyen tuwon kasuwa da ke bayan ƙofata, ta dube ni. "Dubi yadda ka rame. Ni ba ta kuɗinka nake ba. In yau ka faɗi ka mutu, a ina za a zauna karɓar gaisuwa? A kan benci?"

Sun tafi da La'asar, maganar ba ta tafi ba. Kafin sati ya zagayo na yanke shawara zan buɗe zaure, in dawo da mutanena. Na sami Ticha da 'yar Hausa da ɗan Turanci da nuni da hannu, na ce ina son wurin, amma akwai ƙaramin ɗaki a ciki inda muke ajiye hatsi, zan gyara masa. Ya leƙa ɗakin, ko gadonsa ba zai shiga ba. Ya yi murmushi ya ce kada in damu. Dama an daɗe ana son a maida shi wata makaranta wajen Sabuwa, shi ne yake ta roƙon a bar shi. Na ce saboda mi? Ya nuna bencin da nake zama.

"Nan akwai mutum," ya ce.

Kai, jama'a! Ban taɓa sanin zaman kurame da muke yi yana da daraja haka a wurinsa ba, kuma sai a lokacin na san yana da ita a wurina. Na so in ce a fasa, kunya ta hana ni. Ƙarshen wata ya ɗaure katifarsa da rishonsa a bayan a-kori-kura, ya ɗaga mini hannu har suka sha kwana.

Da kaina na ɗauki guduma na rushe bulon. Na cire ƙyauren ƙarfe, na kankare hayaƙi, na sayo sababbin tabarmi da kananzir. Da aka yi Magariba na cika buta, na kunna fitila, na zauna ina fuskantar hanya. Ga su nan kuwa suna fitowa ɗaya-ɗaya da akusansu.

"A'a, sannu da aiki! An buɗe ke nan?"

"An buɗe."

"Madalla, ya yi kyau."

Sai su wuce ƙarshen layi. Haka ranar farko, haka ta biyu, haka har na daina ƙirga. Ina zaune ni da fitila da ƙwarin da ke zagaya ta. Da abin ya dame ni na tare wani maƙwabcina, sa'ana, na ce wai laifin mi na yi da ba a yafewa? Ya ce, "Wane laifi? Ba mai riƙe da kai. Amma kai ma ka sani, ba a ɗauke ciyayya daga ƙofar dattijo yana raye. Wa zai dubi idon Baba ya ce mashi a tashi daga zaurenshi? Da ubanka muka saba, shi ya sa muka zamna bayan ranshi. Yanzu kuma mun zamna wurin Baba." Na ga gaskiyarsa. Ba tsuntsu ba tarko, na kori mai zama da ni, waɗanda na yi domin su kuma ba su da hanyar dawowa.

Rannan dai na ce ko mi za a ce a ce. Na sayo tuwon matar nan, na ɗauko akushin mahaifiyata na wanke, na juye a ciki, na gyara malmalar da bayan cokali wai don ta yi kama da ta gida, na rufe da faifai. Tafiyar daga ƙofarmu zuwa ƙarshen layi ba ta da nisa, amma sai da gumi ya jiƙa mini riga. Na yi sallama. Aka amsa kamar jiya ma na zo. Baba ya matsa gefe ya ce, "Zamna."

Aka buɗe na farko aka ci, aka buɗe na biyu. Da aka zo kan nawa, ana ɗaga faifai daddawa ta gauraye zaure. Duk Faskari ba wanda bai san miyar matar nan ba. Wani ya yi gyaran murya, wani ya dubi rufi. Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran wanda zai fara. Sai Baba ya yi bisimilla ya sa hannu, ya kai loma, ya ƙara. Sauran suka bi. Tas aka cinye, har da suɗe akushi, ba wanda ya ce uffan.

Da aka tashi za a tafi Isha'i Baba ya riƙe mini hannun riga har kowa ya fita. Ya jawo wani ƙaramin akushi daga bayansa ya buɗe. Malmala ɗaya ce a ciki, ba a taɓa ba.

"Ka ga wagga? Tun ranar da muka baro zauren ubanka Hajiya uwargidana ke ƙara ta. Kullum in ce a aje, ƙila yana tafe. Kullum a maida ita ciki a yi ɗumame. Har ta ce mani ita ɗumame ya ishe ta."

Da ƙyar na ce, "Baba, to mi ya hana a aiko mani?"

"Mara lafiya ake aika mawa. Da an aika maka, da can za ka ci kai kaɗai, ba ka tahowa har abada." Ya rufe akushin ya miƙo mini. "Gobe kada ka ɓata kuɗinka. Taho da hannunka."

Ƙato da ni, mai gidan haya, na tsaya a zauren mutane ina share ido da hannun riga. A nan na ci gaba da cin tuwo har Allah ya sa na sake aure, na fara zuwa da akushina na gaskiya.

Harkar haya ban bar ta ba. Na koyi abubuwa: siminti ba ya zama a kan ƙasa sai da dabara, a sayi guga biyu, kada a ba saurayi ɗaki mai farin bango. Daga baya har na ƙara wani gidan, kuma ko da aka matsa mini ban sake taɓa zaure ba. Namu dai yana nan a buɗe, an yi suna a cikinsa, an karɓi gaisuwa, amma ciyayya ba ta sake komowa ba. Bayan rasuwar Baba ma watsewa ta yi gaba ɗaya, kowa ya koma ci a ɗaki. Ticha kuwa na taɓa zuwa har wajen Sabuwa nemansa, aka ce ya koma ƙasarsu. Ban taɓa ɗanɗana shinkafar nan tasa ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu na tsufa, gida cike da jikoki, amma in aka kawo mini abinci ni kaɗai ba ya wucewa, sai na leƙa waje na kira ko wane ne. Suna ce mini rigimar tsufa ce. Ban musa ba. Su dai ba su san na yi watanni ina cin tuwon kasuwa a bayan ƙofa ba, alhali nawa yana can ƙarshen layi a rufe, yana hucewa.